Babban Duhu: In Za A Sake Gini, A Yi Da Ƙasarmu Da Hannun 'Ya'yanmu

Duk mai bibiyar al'amuran yammacin Jihar Katsina ba zai manta da ranar 14 ga Fabrairun 2020 ba, ranar da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar a Ƙaramar Hukumar Batsari, suka kashe mutum 30 kamar yadda 'yan sanda suka tabbatar, sannan suka cinna wa gidaje da rumbuna wuta. Wata biyu bayan haka, a cikin Afrilun wannan shekarar, aka sake kashe mutum 47 a wasu ƙauyuka na Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa. Waɗannan kaɗan ne daga cikin abin da ya shiga jarida. A tsawon shekarun da aka kwashe cikin wannan musiba, garuruwan da ke gefen dajin Rugu, tun daga Ruma da Wagini har zuwa Runka da Babban Duhu, babu wanda bai ɗanɗana kuɗarsa ba. An ƙona ƙauyukan manoma, an kuma ƙona rugagen makiyaya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Mun saba ƙirga gawarwaki da shanun da aka kora, amma ba kasafai muke ƙirga ɗakuna ba. Alhali kuwa ɗakin da aka ƙona, da wanda mai shi ya gudu ya bari damina uku ko huɗu ta bi ta kansa babu yaɓe, dukansu sun zama kufai. A 2025 an yi ta ƙulla sulhu a matakin ƙananan hukumomi, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana, jama'a da dama kuma suka fara leƙa gonakinsu. Mutane na da ra'ayoyi mabambanta a kan wannan sulhu, kuma ba shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ko ta hanyar sulhu ko ta ƙarfin bindiga, ranar komawa gida za ta zo da yardar Allah, kuma a ranar nan tambaya ɗaya ce za ta tsaya a gaban kowane magidanci: da me zan yi gini, wa kuma zai gina mini? Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, yanzu ne ya kamata mu yi wannan shawara.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, idan za a sake gina ƙauyukan Batsari da Safana, to a gina su da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafun mutanen wurin, bayan an inganta ta da ilimin zamani, kuma a bar aikin a hannun samarin wurin. Na san da yawa daga masu karatu za su yamutsa fuska da jin haka, domin a kunnen Bahaushen yau kalmar "gidan ƙasa" ta zama tamkar zagi. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe, sannan ya yanke hukunci.

Bari mu fara da kuɗi, tun da shi ne ke hana talaka barci. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da yawa a farkon 2024. Kwano da rodi da katako da ƙusa duk suka bi sahu. Babu masana'antar siminti a Jihar Katsina, sai an yo dakonsa daga wurare irin su Kalambaina ta Sakkwato ko Obajana ta Jihar Kogi, kowace tirela kuwa tana shan man dizal, kuɗin man nan kuma a kan mai saye yake ƙarewa. Kafin buhu ya bar kwalta ya isa ƙauye kamar Babban Duhu, an sake ɗora masa kuɗin mota da na masu lodi. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ginin rukunin gidaje 250 a Katsina a ƙarƙashin shirinta na gidaje masu rahusa, Ministan Gidaje Ahmed Musa Ɗangiwa kuma ya bayyana cewa gida mai ɗaki ɗaya a irin waɗannan rukunoni zai kama naira miliyan 8 zuwa 9. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, wanda aka amince da shi a 2024, sai ya tara albashinsa gaba ɗaya na fiye da shekara tara bai ci ba bai sha ba kafin ya haɗa miliyan 8. To ina ga manomin gero da rogo wanda aka kore wa shanun huɗa, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa? Shirin yana da amfaninsa ga ma'aikatan birni, amma shi wannan bawan Allah ko a mafarki ba zai shiga layin ba.

Abu na biyu shi ne zafi. A cikin wata bazara na je duba wata gwaggona da ta yi gudun hijira zuwa cikin garin Batsari, na same ta da jikokinta a ɗakin haya na bulo da kwano, babu silin. Ana gab da la'asar ne, amma ban iya yin minti goma a ciki ba, sai muka fito gindin bedi muka ƙarasa gaisawa. Ta shaida mini cewa a soronta na ƙauye ko randa ba ta yin ɗumi da rana, a nan kuwa sai an yayyafa wa tabarma ruwa kafin yara su runtsa. A da, da bazara ta yi sai kowa ya fito da shimfiɗarsa tsakar gida. Tsoro ya kawar da wannan al'ada a wurare da dama, mutane na kulle kansu a ɗaki tun bayan isha'i. Zafin Katsina a watan Afrilu kan wuce digiri 40, kuma a farkon Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, abin da ke nuna inda yankinmu na Sahel ya dosa. Wannan lokaci ne kuma na sanƙarau, cutar da cunkoso a ɗaki marar iska ke taimaka wa yaɗuwarta, ba mu kuma manta da ɓarnar da ta yi a Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017 ba.

Dalilin bambancin soron gwaggona da ɗakin hayarta a fili yake. Kwano siriri ne, da rana ta buge shi sai ya ɗauki zafi nan take ya juye shi a kan na ciki. Bulon siminti kuma, musamman irin wanda masu bugawa ke cika wa yashi su rage siminti, ba shi da kaurin da zai tare komai. Bangon ƙasa mai kauri kuwa a hankali yake shan zafi, sai bayan sa'o'i masu yawa zafin ke ratsawa ciki, lokacin rana ta riga ta yi sanyi. Da hunturu kuma ɗumin da ya tara da rana shi yake saki da dare. Mai kuɗin birni yana maganin zafin kwano da na'urar sanyaya ɗaki da janareto. Ƙauyen da babu turken lantarki ko ɗaya, ko kuma akwai turakun amma wayar ta daɗe da zama igiyar shanya, ba shi da wannan gata. Gidan da ke sanyaya kansa da kansa ɗan ƙaramin faifan sola ya ishe shi ya kunna ƙwai biyu da fanka ɗaya, ya kuma yi cajin waya. Masana na kiran wannan tsimin makamashi, kakanninmu kuwa sun san shi tun ba a raɗa masa suna ba.

Akwai kuma batun muhalli. Kafin a samu siminti sai an gasa farar ƙasa a wuta mai zafin kusan digiri 1,450, shi ya sa masana'antar siminti ita kaɗai ke fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Tubali kuwa rana ce ke busar da shi kyauta, in kuma gini ya tsufa ya faɗi, sai a jiƙa ƙasar a sake cuɗa ta a tayar da sabo.

A nan ne zan sa hular sana'ata ta nazarin harshe, domin na yi imani cewa rabin matsalar a bakinmu take. Duba kalmomin da muke gini da su a yau: bulo, siminti, rodi, silin, birkila, kafinta, lebura, ɗan kwangila. Dukansu aro ne daga Turanci, kuma aro ba laifi ba ne, kowane harshe mai rai yana yin sa. Abin dubawa shi ne abin da suka tura waje. Na taɓa rubuta wa ɗalibaina na jami'a wasu kalmomi a allo na ce su ba ni ma'anarsu: azara, makuba, katsi, laso, birji, indararo, zanko, bakan gizo, ɗaurin guga. Hausawa ne haihuwar Hausa, amma akasarinsu suka yi zuru. Kowace kalma a nan kuwa darasi ce ta injiniyanci. Azara ita ce gangar giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba, da ita ake rufi. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, ana shafe bango da ita don ruwa ya zame. Katsi shi ne abin da ke kwantawa a ƙasan karofin rini, wanda ake haɗawa da gashin jima da dafara a yi laso, simintin Bahaushe ke nan na hana rufi yoyo. Bakan gizo da ɗaurin guga kuwa dabaru ne na lanƙwasa rufi ya haye ɗaki mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Idan kalma ta mutu, ilimin da take ɗauke da shi yakan bi ta kabari.

Abin dariya kuma abin takaici, kalmar tubali ba ta mutu ba, sai dai ta koma bakin 'yan siyasa da 'yan jarida. Kullum muna jin an aza tubalin gina kaza, matasa su ne tubalin al'umma, ilimi shi ne tubalin ci gaba. Amma je ka wurin bikin aza tubalin, bulon siminti za ka ga an ɗora. Mun riƙe kalmar don ado, mun yar da abin da take nufi. Haka nan muka raba duniya gida biyu, muka ce wannan "ginin zamani" ne, wancan "ginin gargajiya", har ta kai idan ana binciken mai neman aure akan tambaya ko gidansu na siminti ne. Shi kansa sunan Babban Duhu abin tsayawa ne a yi tunani. Duhu a Hausa bai tsaya ga rashin haske ba, ana kiran surƙuƙin itatuwa da duhu ko duhuwa, kuma a fahimtata irin wannan suna shaida ne na yadda ƙasar take da itace a da. Sunayen garuruwanmu na tuna mana abin da muka yi asara.

Wanda ke ganin ginin ƙasa aikin jahilai ne, ya je ya tsaya a gindin hasumiyar Gobarau a birnin Katsina, wadda ta shafe ɗaruruwan shekaru a tsaye. Ya tuna da Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin ƙarni na 19, ginin da masana daga ƙasashen duniya suka yi ta zuwa aunawa da zanawa. Ba banza ba sarakunanmu suka yi sarautar Sarkin Magina. In kuma an ce wannan tsohon labari ne, to mu tsallaka iyaka zuwa Nijar. A ƙauyen Yama na Jihar Tawa, wani magini Bahaushe mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, a 1986 kuma ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga manyan lambobin zanen gine-gine a duniya. A ƙauyen Dandaji, shi ma a ƙasar Hausa ta Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, suka kuma jawo maginan garin cikin aikin. Kafin nan, a 2016, ita Mariam da abokan aikinta sun gina rukunin gidajen kwana masu bene a Yamai da irin wannan tubali.

A Burkina Faso ma haka abin yake. Francis Kéré ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare da tubalin ƙasa a 2001, mutanen ƙauyen maza da mata su ne suka yi aikin, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Pritzker, wadda ake ɗauka a matsayin mafi girma a wannan fanni. A garin Boromo na ƙasar, wani magini Bafaranshe mai suna Thomas Granier da wani manomi mai suna Séri Youlou sun kafa ƙungiya a shekarar 2000 don yaɗa wata tsohuwar dabarar mutanen Nubiya ta yin rufin ƙasa mai lanƙwasa, wanda ba ya buƙatar azara ko katako ko kwano. Dubban gine-gine aka yi da wannan dabara a Burkina Faso da Mali da Senegal da Ghana da Benin, maginan kuwa manoma ne da suka koya a hannun 'yan'uwansu. Waɗannan ƙasashe ba su fi mu arziki ba, ƙasarsu kuma ba ta fi ta Safana kyau ba. Ko a nan gida, Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera injin matse tubali. Sai dai sakamakon binciken ya fi zama a rumfunan baje koli fiye da ƙauyukan da ke buƙatarsa.

To amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ginin ƙasa yana da aibobinsa, kuma wanda ya ɓoye su ya cuci talaka. Babban abokin gabarsa ruwa ne. Duk damina muna jin labarin bango ya faɗa wa yara cikin dare, kuma mutanen Jibiya ba za su manta da ambaliyar Yulin 2018 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 40 ta rusa ɗaruruwan gidaje. Shi kansa masallacin Zariya da na ambata, wani sashensa ya rufta a kan masallata a Agustan 2023, aka yi asarar rayuka, bayan ginin ya kusa shekara 190. Ga wahalar yaɓe duk shekara, ga ƙarancin azara tun da giginya ta yi wuya kuma tana daɗewa kafin ta isa sara. Tsofaffin ɗakunanmu da yawa ba su da tagogin kirki, sai duhu da rashin iska, ga kuma kududdufin da ake bari a tsakiyar gari, matattarar sauro kuma tarkon ƙananan yara. Wanda ya gudu daga gidan ƙasa zuwa na bulo yana da hujjarsa, ba wauta ce ta kore shi ba.

Sai dai kowane ɗaya daga waɗannan aibobi an san maganinsa. A guji gini a kan hanyar ruwa. A yi harsashi da dutse, wanda Allah Ya hore wa ƙasar Batsari da Safana, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kwanciya, don kada danshi ya ci gindin bango. A tankaɗe jar ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan, kimanin kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a matse ta da injin hannu wanda ba ya shan mai, a rufe tubalin a riƙa yayyafa masa ruwa na kusan mako huɗu. Abin da zai fito tubali ne mai kusurwa huɗu, mai santsi, wanda ba ya buƙatar yaɓen shekara-shekara. Rufi kuma ko dai a yi na ƙasa mai lanƙwasa a shafe shi da abin hana yoyo, ko a yi yadda Kéré ya yi a Gando, wato rufin tubali a ƙasa, kwano a ɗage a samansa da tazara, iska na wucewa a tsakani, bakin kwanon kuma ya zarce bango ya kare shi daga feshin ruwa. A buɗe tagogi masu fuskantar juna. Ramin da aka ɗebi ƙasa a yi shi a bayan gari, a kewaye shi, ya zama tafkin shayar da dabbobi da renon dashe. Ban ce a yi gaba da siminti ba, cewa na yi a sa shi inda ya zama dole kawai, buhu kaɗan su yi aikin da a da sai an sauke lodi guda. Wani abin lura ga mutanen da suka ga gobara da idonsu shi ne, rufin ƙasa ba ya kamawa da wuta yadda jinka ke yi.

Yanzu sai babbar magana, wato aikin yi. Idan aka ba ɗan kwangila daga birni aikin gidaje ɗari, siminti daga wata jiha zai zo, kwano da rodi daga wata, birkiloli ma sau da yawa da su yake tahowa. Abin da zai rage wa 'yan gari shi ne dakon ruwa da gadi. Ginin ƙasa kuwa akasarin kuɗinsa ladan hannu ne: masu haƙa, masu amalanke da jakuna, masu fasa dutse, masu tankaɗe da matse tubali, magina da yaransu, maƙeran da za su yi ƙofofi da tagogi, matan da za su yi daɓe da makuba, da mai tuwo-tuwo da za ta ciyar da su duka. Naira ɗaya sai ta zaga hannu biyar kafin ta bar gari. Bugu da ƙari, da rani ake ginin ƙasa, daidai lokacin da aikin gona ya ƙare, samari ke tafiya cirani Legas da Abuja ko ramukan haƙar zinariya. Waɗanda suka rage a gida babu abin yi, su ne ɓata-gari ke ruɗa da 'yan kuɗi kaɗan su zama masu kai musu rahoto, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Oktoban 2023 gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, ta ɗauki samarin waɗannan yankuna bisa hujjar cewa ɗan gari shi ya san lungunan garinsu. Hujjar nan ba ta ƙare a kan bindiga ba. Wanda aka amince masa ya tsare garinsu, ya fi cancanta a amince masa ya gina shi.

Saboda haka ina ba da shawarwari kamar haka. Na farko, gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Batsari da Safana su fara da gine-ginen hukuma: ajin makaranta, ɗakin shan magani, gidan malamai, a mazaɓu irin su Babban Duhu. Talaka ba zai yarda da abin da hukuma ke ƙyama ba, amma ranar da ya ga ɗansa na karatu a aji mai sanyi da tsakar rana, ba sai an yi masa wa'azi ba. Na biyu, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ke maƙwabtaka da Safana, da cibiyar koyar da sana'o'in matasa ta jiha su buɗe horo na 'yan watanni, su riƙa gwada ƙasar kowane wuri kafin a taɓa ta, su kuma ɗauki tsofaffin magina a matsayin malamai masu albashi, domin da tsohuwar zuma ake magani. Na uku, a sayi injinan matse tubali a danƙa wa ƙungiyoyin samari a kowace mazaɓa, a riƙa biyan kuɗin gini kashi-kashi, ana duba aiki ana biya, magidanci da danginsa kuma su kawo gudummawar ƙarfinsu ta hanyar gayya, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, a tambayi masu gida kafin a zana musu gida. A 2024 gwamnatin jiha da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙaddamar da ginin gidaje 152 a Jibiya domin waɗanda rikici ya raba da muhallinsu, abin a yaba ne. Ita wannan hukuma ta yi irin wannan aiki a Ngarannam ta Jihar Borno, wanda aka buɗe a 2022, inda mai zanen, Tosin Oshinowo, ta zauna da mutanen garin ta ji ta bakinsu, har aka sa zaure a tsarin gidajen. Gidan Bahaushe na ƙauye yana buƙatar zaure da tsakar gida da madafa da turke da wurin rumbu, kuma mata su suka fi kowa sanin inda kowanne ya kamata ya zauna. A kuma tuna da zawarawan da aka kashe wa maza, a ba su takardar mallaka da sunansu. Na biyar, kada a gina ƙauyen manomi a tsallake rugar makiyayin da shi ma aka ƙona masa bai ji ba bai gani ba, domin rashin adalci a rabon gini zai iya zama irin wata sabuwar fitina. Na shida, duk gidan da aka gina a dasa masa bedi don inuwa, kowane gari kuma ya keɓe fili ya shuka giginya da ɗorawa saboda jikoki.

Mu ma malaman harshe akwai namu nauyin. Wajibi ne mu bi tsofaffin maginan da suka rage da na'urar ɗaukar magana, mu tattara kalmominsu da bayanin yadda suke aiki tun kafin ƙasa ta rufe musu ido, mu haɗa kai da injiniyoyi a rubuta littafin koyon gini da Hausa, da boko da ajami, a kuma karanta shi a gidajen rediyo. Ba zan kuma wanke kaina ba: ɗan gidan da na gina a birni da bulo da kwano na yi shi, don kada abokan aiki su ce Dokta ya gaza. Duk watan Afrilu ni da iyalina muna biyan kuɗin wannan girman kai da gumi da man janareto. Muddin 'yan boko da attajirai da masu sarauta ba su fara gina zaurukansu da tubalin ƙasa ba, talaka zai ci gaba da cin bashi ya sayi tanda ya kira ta gida.

Daga ƙarshe, ya kai mai karatu, gini ba ya maye gurbin tsaro, kuma babu wanda zai aza tubali a inda bai da tabbacin kwana. Amma komawar jama'a garuruwansu da samun sana'a a hannun samari wani ɓangare ne na tsaron kansa. Kuɗin sake gina waɗannan ƙauyuka za su fito ko ba jima ko ba daɗe, daga gwamnati ko daga masu ba da agaji, kuma sau ɗaya za a kashe su. In an kashe su a kan tireloli, za a samu ɗakunan da ba a iya zama a ciki da rana, kuɗin kuma su koma inda suka fito. In an kashe su a kan ƙasar Babban Duhu da hannun 'ya'yanta, za a samu gida, a samu magini, a kuma samu wanda zai gyara ginin bayan shekara ashirin. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Katsina da Nijeriya baki ɗaya, Ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya, amin.